Ɗan Sudan a Ƙasar Maradun

Ni Bahaushe ne, amma ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai da na haura shekara arba'in. An haife ni a wani gari a bakin kogin Nilu, a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Sun ce za su ɗan huta ne, har aka haifi iyayenmu, aka haife mu. A gida Hausa muke yi, a makaranta da kasuwa Larabci. Mutanen can suna kiranmu Fallata, kuma ba kullum suke faɗin kalmar da sakin fuska ba. Na yi karatu, na zama malamin nahawu a wata sakandare a Omdurman, na yi aure, Allah ya ba mu 'ya ɗaya.

Da yaƙi ya shigo birni, masu bindiga suka mayar da makarantarmu masauki. Na kwashi matata da 'yarmu na kai su gidan wanta a gabashin ƙasar, inda wutar ba ta kai ba tukuna, na zauna ina cin abincin surukai ba aikin fari ba na baƙi. Ana nan sai wani tsohon abokina ya kira ni. Mutumin Talata Mafara ne, ya yi karatu a wurinmu shekarun baya, ɗaki ɗaya muka zauna da shi a jami'a. Ya ce wani attajirin shanu ya gina makaranta a ƙauyensu na haihuwa ta wajen Maradun, ana Islamiyya ana boko, shi abokin nawa aka ba shugabanci, kuma suna neman wanda zai koyar da Larabci daga bakin masu shi.

Na ce masa, "Muna jin labarin ƙasarku a rediyo."

Ya ce, "Akwai shi, Ustaz, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba kullum ba ne, kuma ba ko'ina ba. Ka taho ka gani. In ka zauna da gindinka sai a ɗauko iyali."

Na biyo ta Chadi a bayan motocin kaya, na shigo ta Maiduguri, na ratsa Kano da Gusau. Ranar Talata na sauka Mafara, kasuwa na ci. Abokina ya tarbe ni a tasha, ya yi ƙiba, gemunsa ya soma furfura. Ko ƙafa bai bari na wanke ba ya ja ni kara, inda ake cinikin shanu, don in gai da mai makarantar. Alhajin dattijo ne gajere mai kauri, ɗan gidan mahauta, wanda ya faro daga tallan nama a tire har ya kai ga loda manyan motoci zuwa kudu. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya yi mini jajen abin da ya same mu, ya sake komawa kan gajiya. Da ya tambayi yadda na iso sai na ce da arabiyya na zo. Dillalan da ke kewaye da mu suka dubi juna.

"Mota yake nufi," in ji abokina.

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. A nan na fara gane irin Hausar da ke bakina. Duk abin da ya shigo duniya bayan kakanninmu sun bar ƙasar nan ban san sunansa ba sai da Larabci. Na san rumbu da galma da akushi, amma ban san asibiti ba, ban san babur ba, ban san lantarki ba. Kafin la'asar an raɗa mini suna Ɗan Sudan. Wasu kuma da suka ji abin da na zo koyarwa sai suka ce Balarabe, ko da yake na fi rabinsu baƙi. Na taya su dariya, don tunda aka haife ni ba wanda ya taɓa kirana Balarabe sai ranar.

Ƙauyen yana can bayan garin Kaya, an saki kwalta an bi ta tsakanin gonaki. Makarantar dogon gini ce ta bulo da rufin kwano, ita kaɗai ce irinta a wurin. Aka ba ni ɗaki a ƙarshenta, da katifa da buta da tulu. Da rana kwanon yana zafi har sai na fito na zauna gindin wata tsamiya a bayan ginin. A nan kaɗai waya take kamawa, shi ya sa wurin ya zama majalisata.

Abincina daga gidan mahaifiyar Alhaji yake fitowa. Tsohuwa ce tukuf, ta ƙi bin ɗanta birni, ta ce inda aka binne mijinta nan za a binne ta. Tuwon dawa bai ba ni wahala ba, ɗan'uwan asida ne, tuwonmu na Sudan. Daddawa ce ta kayar da ni. Makonni na yi ina haɗiye miya ba tare da na bari ta taɓa harshena ba. Fura da nono kuwa cikina ya ƙi su da farko, daga baya ya sallama. Abin da na rasa na kasa samun madadinsa shi ne gahawa. Na zo da 'yar tukunyar ƙasa da muke dafa ta a ciki, na naɗo ta a rawani tun daga gida ba ta fashe ba, amma a ƙauyen ba mai sayar da 'ya'yan, kuma ba wanda zai zauna ya sha tare da ni. Sau ɗaya na dafa wa malaman makarantar da ɗan guzurin da na zo da shi. Suka kurɓa, suka yi godiya mai yawa, suka ajiye kofunan a cike.

Da damina ta faɗi zazzaɓin sauro ya kwantar da ni. Da na warke na je yi wa tsohuwar godiya, don ita ta riƙa aiko mini da kunu da jiƙon sassaƙe mai ɗaci. Na durƙusa a bakin ɗakinta na gaishe ta. Ta saurare ni, ta ce in ƙara faɗin abin da na faɗa.

Na ce, "Inna, mi kika jiya?"

Ta ce, "Ɗana, maganag ga taka ta kakata ta. Rabona da jin wani ya yi ta hakanga tun ina budurwa. Ku mutanen ina na?"

Na gaya mata abin da kakata ta sha gaya mana, cewa ubanta ya fito daga wani gari kusa da Bakura, garin marina, mai rijiyoyin baba a bakin kasuwa. Na faɗi sunan garin yadda na ji shi ina yaro. Tsohuwar ta gyara mini shi, don mun karkatar da shi a bakinmu. Ta ce ta san shi sarai, zanen aurenta can aka rina shi. Tun daga ranar ba ta ƙara ce mini Malam ba.

Ajina a cike yake a watannin farko, har wasu suna zama a kan taga. Yaran da yawa sun haddace izifi masu yawa, amma in na tambaye su sunan ƙofa da Larabci sai su sunkuyar da kai. Na ajiye littafin nahawu. Na riƙa ɗaga abu ina faɗin sunansa, buta, takalmi, alli, ganyen tsamiya, su kuma suna gaya mini na Hausar zamani wanda ban sani ba. Haka muka riƙa musaya. 'Yan matan da ke layin gaba sun fi kowa saurin ɗauka. Wata rana ina wucewa ta bakin rijiya ɗaya daga cikinsu ta ajiye guga ta tambaye ni lafiyata da Larabci tsaf, da karin harshen Omdurman irin nawa. Na tafi gindin tsamiya na kira matata na ba ta labari. Na ce mata ta fara shiri, bayan kaka zan aiko su taho. A lokacin da gaske nake.

Amma tun makon farko abokina ya zagaya da ni bayan makaranta ya nuna mini wata 'yar hanya da ta shige cikin dawa. Ya ce in na ji ƙarar babura da yawa a tare kada in leƙa ƙofa, in fitar da yara ta taga su bi nan. A ƙauyen ba a faɗin sunan mutanen. Sai dai a ce mutanen daji, a sassauta murya. Na saurare shi na gyaɗa kai. Irin wannan bayanin na taɓa yi wa ɗalibaina a Omdurman, ban gaya masa ba.

Da hatsi ya nuna sai ajin ya fara raguwa. Yaran ƙauyukan da ke arewa da mu suka daina zuwa. Na tambaya, aka ce mutanen daji sun hana girbi sai an yi musu nasu tukuna, manya da yara duk an kora su gonakinsu. Wasu sun dawo bayan makonni da hannuwa a fashe, suna gyangyaɗi a aji. Wasu ba su dawo ba, kuma ba wanda ya yi mini bayani. In na kira sunan yaro aka yi shiru, na koyi in wuce zuwa na gaba.

A cikin wannan hali na matsa wa abokina ya kai ni garin kakata. Ya yi ta ɗaga ranar. Daga ƙarshe wata Juma'a da hantsi ya goya ni a babur. Muka bi ta fadamun shinkafa na wajen Bakura, kore shar, ruwa kwance a cikinsu, har zuciyata ta ɗan saki. Daga nan muka karkata muka bi wata hanya da ciyawa ta fara cinyewa. Ba mu gamu da kowa ba.

Garin yana nan, mutanen ne babu. An ƙone rumbuna, sun tsaya baƙi ƙirin ba rufi. Ƙofofin gidaje a buɗe, an ɓalle ƙyamaren wasu. A masallaci tabarmi suna shimfiɗe yadda aka bar su, gara ta ci rabinsu. Na nemi rijiyoyin baba na same su a bakin fili, an daɗe da daina aiki da su tun kafin wannan masifa, shara da ƙasa sun cike su. Bakin ɗaya kaɗai ya rage da ɗan shuɗi. Na tsaya ina kallonsa. Tun ina yaro nake zaton in na zo nan zan sami wani tsoho in gaya masa sunan uban kakata, ya ce ga gidanku can. Abokina bai kashe babur ba.

Ya ce, "Ustaz, hau mu tafi. Ba a daɗewa a nan."

Na ce ya bar ni in yi raka'a biyu. Ya ce in yi a gida. Na karanta fatiha a bayansa muna gudu.

Da na dawo tsohuwar ta tambaye ni abin da na gani. Na ce na ga rijiyoyin. Ta dube ni, ta ce, "Dut sun tashi ke nan." Ba ta ƙara tambaya ba.

Ba a yi nisa da wannan ba aka ɗauke abokina. Ya tafi Mafara ranar kasuwa sayo alli da littattafai, aka tare su a hanyar dawowa da rana tsaka, shi da wasu 'yan kasuwa. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidan iyayenta. Alhaji ya shiga sayar da shanu don haɗa kuɗin fansa. Ni na riƙe makarantar da malamai biyu da suka rage, muna haɗa ajujuwa wuri ɗaya don kada yara su ga yawan kujerun da ba kowa. Matata tana kira tana tambayar ranar tahowa, ina ce mata ana gyaran ɗakin da za su zauna.

Sai da sanyi ya wuce aka sako shi. Na je duba shi gidan Alhaji a Mafara. Da ƙyar na gane shi. Ƙibar ta tafi, ƙafafunsa sun kumbura, akwai shaidar sarƙa a idon sawunsa. Mutane sun cika zaure suna barka da arziki, shi kuwa yana kallon bango. Da aka watse ya yafito ni na matso.

Ya ce, "Ba ni suka zo nema ba."

Na tambaye shi wa suka zo nema.

"Sun ji labari akwai Balarabe a makarantarmu. Da suka tare mu, ni suka fara tambaya ko ni ne shi. Na ce Balaraben baƙi ne kamar kowa, ɗan gudun hijira ne, ba shi da ko akuya. Ba su yarda ba. Sun ce wanda ya zo daga ƙasar Larabawa akwai gwamnatin da za ta fanshe shi." Ya yi wani abu kamar dariya. "Kullum sai sun dake ni a kan in faɗi ɗakin da kake kwana. Ustaz, na faɗa."

Na kama hannunsa na ce ai kowa ya san ɗakin, ba wani asiri ba ne. Ya ce shi ya kira ni ƙasar nan, in yafe masa. Na ce ba abin yafewa. Bayan ɗan lokaci danginsa suka tafi da shi Sakkwato don magani, kuma bai sake komawa aikin koyarwa ba. In na kira shi yanzu muna gaisawa ne kawai.

Washegarin ranar da na je duba shi Alhaji da kansa ya raka ni ƙauye, da mota da 'yan sa-kai biyu. A gindin tsamiya ya zaunar da ni, liman da mai gari suna gefe. Ya yi doguwar gaisuwa kamar ba tare muka zo ba. Ya yaba aikina, ya ce yaran da suka bi ta hannuna sun ji daɗi. Sannan ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Malam, ba korarka muka yi ba, Allah shi na shaida. Amma in kana nan za su zo. In sunka zo ba kai ɗai za su ɗauka ba."

Liman ya ce, "Haƙuri za ka yi, Malam."

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin. Da ni ne mai gari abin da zan faɗa ke nan. Na shiga ɗaki na haɗa kayana, ba su da yawa. Ban shiga aji na yi sallama da yara ba, don Alhaji ya ce gara kada a san lokacin tafiyata. Ina jin muryoyinsu ta bango suna maimaita jam'in kalmomin da na ba su kafin in tafi Mafara.

Tsohuwar kaɗai na je wa. Ta ba ni dunƙulen fura a leda, ta ce in dama a hanya. Na roƙe ta ta biyo mu, ɗanta ma ya roƙe ta. Ta ce, "Ni mi za su yi da ni? Tahi, ɗana. Kakanka ya tahi ya bar mu, kai ma ka zo ka tahi." Ba da faɗa ta faɗa ba.

Tafiyata ba ta tsare ƙauyen ba. Kafin ruwa ya sake sauka an shiga musu da safe, an kore dabbobi, an tafi da mutane, cikinsu har da wasu daga 'yan matan layin gaba. Wanda ya kawo labarin bai san sunayensu ba, ni kuma ban bi na tambaya ba sai daga baya. Waɗanda suka tsira suka watsu, wasu Maradun, wasu Mafara. Aka ɗauko tsohuwar a mota ba da son ranta ba. Ba ta yi nisa a gidan ɗanta ba ta rasu, aka binne ta a maƙabartar birni.

Alhaji ya ba ni ɗaki a bayan rumfar mahautansa, kusa da kasuwar Mafara. Da sassafe ƙarar gatari a kan ƙashi ke tashe ni. Mahautan sun san ni yanzu, suna ajiye mini ɗan kayan ciki, suna tsokanata da arabiyya in mota ta wuce. Hausata ta gyaru, na san sunan komai. Na daina yi wa matata zancen gyaran ɗaki, na gaya mata gaskiya duka. Ta ce su ma garin ya cika da baƙi, gidan wanta ba wurin shimfiɗa tabarma, kuma 'yarmu ta daina zuwa makaranta don an zuba 'yan gudun hijira a ciki. Ta daina tambayar ranar tahowa. Ni ma ban ce zan koma ba, don ban san abin da zan koma in yi ba.

Da hantsi ina zuwa wani kango a bayan gari inda mutanen ƙauyuka suka fake. Nakan tara yaran da na samu mu yi karatu a ƙasa, ba allo ba alli. Yau ka ga yaro, gobe an tura shi neman abinci ko an ƙara gaba da shi. Ba na fara darasin da ba zai ƙare a rana ɗaya ba.

Kwanan baya ina tashi daga karatu wani mutum ya tare ni a bakin kangon. Manomi ne daga wajen Gidan Goga, dogo, mai tsagen fuska, 'ya'yansa biyu suna zama a wurina. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Sannan ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, an ce kai mutumin Sudan na."

Na ce haka ne.

"Ina son ka kwatanta min hanya. Ina da ƙarhi, na iya noma. An ce akwai Hausawa can da gonaki bakin ruwa. In na isa in kama wuri, in aiko a kai min ɗiyana."

Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Bai taɓa jin ana yaƙi a can ba, ko kuma ya ji ya ɗauka bai kai nasu ba. Na zaunar da shi a kan bulo na gaya masa abin da na baro, unguwannin da aka ƙone, da gawarwakin da na wuce a hanya, da yadda gonakin bakin ruwan suka koma. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, yana murza hularsa a hannu.

Ya ce, "To Chadi hwa?"

Na ce na ratsa ta, su ma sansanoni ne cike da mutanenmu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Ya mayar da hularsa, ya kira yaransa, ya ce su ɗauko jarka su tafi ɗiban ruwa tun rana ba ta yi zafi ba.